Kafin a Aza Tubalin Farko: Zance Kan Unguwannin Bakin Gari

Mutanen Icirnawa da ƙauyukanta, mutanen Kance, Dungu, Matameye har zuwa Ɗan Barto, barkanmu da war haka. Wanda ke kan hanya Allah ya sauke shi lafiya, wanda ke gida ya ɗan matso kusa da rediyo, don zancen yau ya shafi mai gona, ya shafi mai neman fili, ya shafi wanda ɗansa ke can birni yana gadin kangon wani.

Za mu tattauna ne a kan unguwannin bakin gari, wuraren nan da in ka tsaya ba za ka iya cewa ga inda gari ya ƙare ga inda gona ta soma ba. Katanga a dama, karan hatsi a hagu, ga bulo an jibge ana jiran kuɗi su samu. Na san wani dattijo zai ce, "Malam, mu da ke Icirnawa ina ruwanmu da zancen birni?" Baba, da ruwanmu. 'Ya'yanmu da ke tafiya cin rani Damagaram, Yamai, Agadas ko Kano ba a tsakiyar birni suke sauka ba. A bakin gari suke samun makwanci, inda haya ke da sauƙi, ko inda mai kango ke neman wanda zai tsare masa siminti da ƙarfe. Ban da haka, garuruwanmu ma tafiya suke yi. Duk wanda ya san Matameye shekaru 20 da suka wuce ya san akwai inda ya taɓa ganin ana huɗa, yau kuwa sai ya yi sallama kafin ya shiga.

A ƙidayar jama'a ta 2012 an sami mutum 17,138,707 a Nijar, a lokacin kuma yawanmu na ƙaruwa da kusan kashi 3.9 cikin ɗari a shekara. Wato in haka ta ci gaba, jaririn da aka raɗa wa suna yau, kafin ya cika shekara 20 jama'ar ƙasa ta ninka. Jihar Damagaram ce kan gaba, da mutum sama da miliyan 3 da rabi. Gundumarmu ta Kance kuwa tana da kusan mutum 400,000 a lokacin, a 'yar ƙasar da ba ta taka kara ta karya ba: sama da mutum 100 a kowane murabba'in kilomita, alhali in aka raba faɗin Nijar duka, bai kai mutum 15 ba. Mutane na ƙaruwa, gona tana nan yadda kakanni suka bar ta, ana ta yanka ta wajen rabon gado. Wannan matsi na cikin abin da ke fitar da mata da yara daga yankin nan, kuma ba mu manta da Oktoban 2013 ba, lokacin da ƙishirwa ta kashe mutum 92 a hamada kan hanyar Aljeriya, mafi yawansu mata da yara, da yawansu 'yan gundumar nan. Allah ya jiƙan su. Na kawo wannan ne don a gane cewa zancen fili a wurinmu zancen rai ne.

To, abin da nake so mu riƙe shi ne wannan: abin da ke sa unguwa ta zaunu shi ne wurin da aka bari ba a gina ba. Hanya, magudanar ruwa, inuwar itace, filin makaranta, maƙabarta, burtali. Kuma lokacin ware waɗannan shi ne tun fili yana gona. In katanga ta riga ta tashi, sai rigima da shari'a.

Mu duba Damagaram, tunda ita ce babban birninmu. Asalinta Birni ne, inda fadar sarki take, wanda Sarki Tanimu ya kewaye da ganuwa a ƙarni na 19, sai Zango, masaukin fatake da ayarin raƙuma. A zamaninsa Zango shi ne bakin gari. Faransawa suka zo suka mai da Damagaram babban birnin Nijar, har 1926 da aka koma Yamai. Daga nan unguwanni suka yi ta tsirowa. An kafa jami'a a 2010, matatar mai ta SORAZ ta soma aiki a 2011 a arewacin gari, ma'aikata da ɗalibai da 'yan kasuwa suka ƙaru, kowa na son inda zai sa kansa. Ƙidayar 2012 ta ba birnin da kewayensa mutum sama da 320,000.

Akwai unguwa ɗaya da tarihinta ya isa darasi, ita ce Kara-Kara. Wuri ne da aka keɓe a gefen gari aka zaunar da masu cutar kuturta, don a nisanta su da sauran jama'a. Gari ya yi ta girma har ya cim mata, amma kulawar hukuma ba ta cim mata da wannan saurin ba. Jikokin waɗancan bayin Allah suka tashi cikin rashin aiki da ƙyamar mutane, har ƙungiyoyin matasan nan masu ɗaga ƙarfe da faɗan unguwa suka yi suna a can. Aisha Macky, 'yar Damagaram, ta yi fim a kansu a 2021, ta sa masa sunan birnin. A ganina laifin ba na yaran ba ne kaɗai. Wurin da aka fara shi da "ku je can ku zauna" ba tare da an tanadi komai ba, yakan ɗauki shekaru yana biyan wannan bashi.

Ta yaya gona ke zama unguwa? Hanya ta farko ita ce lotisma. Ma'aikatar magajin gari ta kawo masu awo, a zana taswira, a kafa turakun siminti, a fitar da tituna da wuraren amfanin jama'a, a ba masu gonaki kasonsu, wanda ya sayi fili kuma a ba shi takarda. Hanya ta biyu ita ce wadda Kanawa ke kira awon igiya: mai gona da dillali su ja igiya, su yanka gonar gida-gida, su sayar. Ba na zagin wanda ya sayi awon igiya. Talaka ne ya ga abin da aljihunsa zai iya, kuma ba kowane gari ake yin lotisma a kan kari ba. Ita ma lotisma ba ta tsira ba, don an sha ganin wurin da taswira ta ce na makaranta ne ko na kasuwa, an wayi gari wani mai hali ya kewaye shi.

Amma ku zo mu yi lissafi, ba shi da wuya. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce. In ka yanka ta fili-fili mai mita 400, za ka fitar da 25, in ba ka bar ko taku ɗaya na hanya ba. In ka ware kashi 30 cikin ɗari don tituna da wurin jama'a, saura mita 7,000, wato fili 17 da ɗan ragowa. Kun ga bambancin fili 8 ne. Waɗannan 8 ɗin su ne ke hana mai gona barci, su ne dillali ke raɗa masa a kunne cewa asara ce. Sai a matse hanya ta koma lungu. Ranar da mace ta kama naƙuda da tsakar dare, mota ba ta shiga. Ranar da wuta ta tashi, 'yan kwana-kwana na tsaye a bakin titi suna kallon hayaƙi. Ranar da aka yi rasuwa, makara sai an karkata ta. Kuma abin da mai gonar bai lissafa ba, yawanci shi ma a nan zai zauna, shi da 'ya'yansa. Fili 17 masu hanya sun fi 25 marasa hanya daraja ko a wajen sayarwa, don mai kuɗi ba ya sayen inda motarsa ba ta kaiwa.

Yanzu mu zo ga ruwa, don a nan ne na fi son mu daɗe.

Ruwan sama yana da hanyarsa tun kafin a haife mu. Manomi ya san ta sarai: ya san kwarin da ruwa ke kwanciya, ya san inda yake gangarawa zuwa tafki ko fadama. Mai sayen fili kuwa da rani yake zuwa, ƙasa a bushe, ko'ina fes. Ba wanda zai gaya masa cewa nan da yake shirin aza ɗakin uwargida, a watan Agusta agwagi ke wanka. Gona tana shan ruwa, musamman jigawa irin tamu. Kwano da siminti ba sa sha. Ga ƙa'idar: ruwan sama milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ne. Rufin kwano mai mita 50, in aka yi ruwa mai milimita 40 a dare ɗaya, zai zubo da lita 2,000, jarka 80 ke nan mai lita 25, daga gida ɗaya tak. Ku ninka da gida ɗari. Duk wannan ruwa lungu yake nufa, lungun kuma kowa ya ɗaga ƙofar gidansa da ƙasa don ya tura wa maƙwabci. Na ƙarshe a gangare shi ke kwana a tsaye.

Sai ramukan da aka ɗebi ƙasar gini. Kowane tsohon gari a ƙasar Hausa yana da su, daga Kano har Damagaram. Mutane na ganin su ƙazanta ne, matattarar sauro da shara, kuma gaskiya ne in ba a kula da su ba. Amma su ne ke karɓar ruwan unguwa. A Kano an cike kududdufai da yawa an yi gini a kansu, ruwan da ya saba zuwa can ya koma bin tituna da gidaje. In za a cike rami, a fara tambaya: ruwan da ke zuwa nan, ina za shi?

Daminar 2024 ba ta bar wa kowa shakka ba. A ƙarshen Agusta ruwa ya yi ɓarna mai yawa a Maraɗi. Ranar 3 ga Satumba tsohon masallacin Birni na Damagaram, ginin ƙasa tun ƙarni na 19, ya rushe. A faɗin ƙasa mutum sama da 300 suka rasu, sama da miliyan ɗaya abin ya shafa, har gwamnati ta ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba, don akwai azuzuwan da suka lalace, akwai waɗanda mutane suka fake a ciki. Ruwa na Allah ne, ba mai ja. Amma inda aka aza harsashi, mu muka zaɓa. Shawarata ga mai neman fili: kada ka biya sai ka ga wurin da damina, washegarin ruwa mai ƙarfi. In ba za ka iya jira ba, tambayi wanda ya noma gonar da ke maƙwabtaka, ba dillali ba.

Ruwan sha kuma labarinsa daban. Damagaram a kan dutse take zaune, shi ya sa rijiya ba ta wadatar da ita, sai an jawo ruwa daga nesa, daga Gogo da Macaya, daga Arunguza, daga baya aka ƙara da Ganaram. In ruwa ya yi ƙaranci, unguwar da ke ƙarshen bututu ita ke fara ji, wadda bututun bai kai ba kuwa sai 'yan ga-ruwa. Abin takaici, mai ƙaramin ƙarfi da ke saye jarka-jarka ya fi mai famfo a gida biyan lita da tsada. Wanda ya yi murnar samun fili da araha, ya lissafa kuɗin ruwa da na kabu-kabu na shekara guda, sannan ya gaya mini ko arahar tana nan.

Mu nan kudu, wajen kwarin Korama inda ake noman rake da lambu, matsalarmu ta juya: ruwa na kusa. Alheri ne, amma yana da sharaɗi. In fili ya yi ƙanƙanta, sai ka ga salga a wannan kusurwa, rijiya a waccan, ko kuma salgar maƙwabci tana jingine da katangar da rijiyarka take. Ma'aikatan kiwon lafiya na cewa a bar aƙalla mita 15 tsakaninsu, in da hali 30, salga kuma ta kasance ta gangare. A fili mai faɗin mita 20 wannan ba ya yiwuwa sai maƙwabta sun zauna sun shirya: salgogi su haɗu ta gefe ɗaya, rijiyoyi ta ɗaya gefen. Gudawar yara da ke damunmu kowace damina, wani lokaci daga nan take.

Bari in ɗan juya ga iyayenmu mata, don su ne ke yini a unguwa. Gidan ƙauye yana da zaure, da tsakar gida mai faɗi, da turken awaki, da rumbu, da wurin sussuka da shanya. Filin bakin gari ba ya ɗaukar wannan duka, sai abubuwan su fito waje: akuya a lungu, turmi a ƙofar gida, ruwan wanke-wanke a hanya. Ba rashin tarbiyya ba ne, wuri ne ya gaza. Macen da sana'arta ƙuli-ƙuli ce ko awara ko fura, cinikinta ya dogara da yawan ƙafar da ke wucewa. In aka kai ta inda gidaje ke warwatse, kango biyar kafin gida ɗaya mai mutane, sai ta ɗora wa 'yarta talla zuwa cikin gari, tafiya mai nisa, makaranta ta sha ruwa. Shi ya sa 'yar kasuwar unguwa, ko rumfa goma ce, da wurin injin niƙa, da famfon jama'a, suke cikin abin da ya kamata a ware tun farko. In za a zauna shawarar yanka gona, a tambayi mata. Sun fi mu sanin nisan rijiya.

Matasa kuma fada suke nema, inda za su ɗora shayi su yi hira. In an bar musu inuwa da filin ƙwallo, suna gaban idon manya. In ba a bari ba, kango na nan, kuma abin da ake koya a kango ba sai na faɗa ba.

Inuwar nan ma ba sai an saya ba. Yankinmu na Matameye, Magarya da Mirya ya yi suna har ƙasashen waje saboda gawon da manoma suka yi ta rainonsa a gonakinsu tun daga shekarun 1980, masana na zuwa daga nesa su gani. Tsofaffi na ba da labarin yadda Sarki Tanimu ya tsananta hukunci a kan mai sare gawo. Amma da zarar gona ta zama fili, abu na farko da mai saye ke yi shi ne kiran mai gatari, sannan bayan ya gama gini ya sayo ɗan dogon yaro ya dasa, ya kewaye shi da ƙaya, ya jira shekaru. Gawon da ya faɗo kan layin hanya ko bakin masallaci, a bar shi, a karkata igiya kaɗan. Yamai ta taɓa yin babban tanadi irin wannan: tun 1965 aka soma dasa itatuwa kewaye da birnin, har suka kai wajen hekta 2,500, don su tare iska da ƙura. Yau an cinye wani babban sashe da gine-gine. In babban birni mai ministoci ya kasa tsare nasa, ku san namu sai mun tsaya da kanmu.

Haka zancen burtali. Dokar makiyaya ta 20 ga Mayun 2010 ta hana kowa mallake hanyoyin dabbobi da wuraren kiwo, na jama'a ne. Garin da ya gina kan burtalinsa, shanu ba za su fasa wucewa ba, sai dai su bi ta gonar wani, a wayi gari ana faɗa tsakanin mutanen da kakanninsu suka yi zaman lafiya. Maƙabarta ma a duba ta da idon shekaru 30 masu zuwa, a kewaye ta tun maƙwabtan gonaki ba su fara matsowa ba. Makaranta kuwa, in ba a ware mata wuri ba, ƙarshenta rumfunan kara a matse a wani lungu, kuma mun ga abin da wuta ta yi wa irin waɗannan azuzuwa a unguwar Pays-Bas ta gefen Yamai a Afrilun 2021, inda yara 20 suka rasu, da kuma Maraɗi a Nuwamban shekarar.

Saura takarda. Tun 2 ga Maris 1993 Nijar ke da dokar tsarin karkara, wadda ta amince da mallakar gargajiya, ta kuma kafa hukumomin filaye da muke kira Kofo. Mirya, maƙwabciyarmu, tana cikin wurare biyu na farko da aka gwada su a 1994. Akwai Kofo ta gunduma, akwai ta komin, akwai ta ƙauye inda mai gari ke shugabanta. A nan ake rubuta shaidar cewa gona taka ce ta gado, ko ka saya, ko kyauta aka ba ka, ko aro, ko jingina. Jingina da aro su na fi ja wa kunne, don su ne ke rikiɗewa su zama "ai ubana ya saya" bayan shaidu sun kwanta dama. Muddin gona tana nesa da gari ba mai tayar da maganar. Ranar da turakun awo suka matso, ranar ce kowa ke tuno abin da kakansa ya faɗa.

Mai saye, ka tambayi abu uku kafin ka ƙirga kuɗi: gonar ta wa ce tun asali, an raba gado ko ba a raba ba, kuma mata magada sun sani? Ana yawan sayar da gonar gado 'yan'uwa mata suna gidan aure ba su ji ba, alhali shari'a ta ba su rabonsu. Shekara biyar bayan ka yi gini sai ga sammaci. Ka je da shaidu gaban mai gari, a kira maƙwabtan iyaka ta kowane gefe, a taka iyakar da ƙafa, a rubuta. In filin lotisma ne, ka kai lambarsa ma'aikatar magajin gari a duba rajista, don fili ɗaya a hannun mutum biyu ba sabon labari ba ne.

Kai kuma mai gona, ɗan'uwana, ba zan ce kada ka sayar ba, don ban san abin da ya taso maka ba: aure ne, jinya ce, ko bashi. Amma in gari ya iso gonarka, darajarta hawa take yi kowace shekara, ba sauka ba, don haka gaggawar ta dillali ce. Ka sayar da abin da buƙata ta ci, ka riƙe saura. Ka zauna da masu gonakin da ke kewaye da kai, ku daidaita hanyoyinku su haɗu baki da baki, kowa ya ba da rabin faɗin titi daga gefensa, yadda nauyin ba zai faɗa kan mutum ɗaya ba. Ku je wa mai gari da shawarar a rubuce, ku nemi wakilin Kofo ya sa hannu, a ajiye kwafi a komin.

Ranku ya daɗe masu gari da limamai, wannan aiki a hannunku ya fi sauƙi, don ku ake kira shaida a kowane ciniki. In kuka ce ba za ku shaidi cinikin da bai bar hanya da magudanar ruwa ba, dillalai za su gyara igiyarsu.

Lokacinmu ya cika. Mai tambaya ko ƙorafi a kan fili ya fara da Kofo ta ƙauyensa, in abin ya fi ƙarfinta a wuce ta komin.